Shin inshorar lafiya tana biyan kuɗin dashen mazakuta bayan tiyatar kansar mafitsara?

Mai Gonar Riɗi ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman afuwar 'yan uwa tun kafin in fara, domin maganar da na zo da ita ba irin wadda dattijo yake furtawa a majalisa ba ce, kuma na shafe makonni ina rubutawa ina gogewa kafin in daure in sake ta. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne a nan babu wanda ya san fuskata, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, shekarata 57, ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Ringim da matana biyu da 'ya'yana. Kimanin shekara biyu da rabi da suka wuce fitsari ya fara yi mini wuya, ina tashi sau huɗu ko biyar cikin dare, har aka tura ni birni aka yi mini gwajin jinin da ake kira PSA, daga baya aka ɗebi tsoka aka auna, sakamako ya nuna kansar mafitsara ce. Likita ya ce mun yi sa'a cutar ba ta bazu ba, ya ba da shawarar a cire wurin baki ɗaya, aka yi mini tiyata yau wata 20 ke nan. Alhamdu lillahi, duk gwajin da aka yi tun daga lokacin yana fitowa lafiya, yoyon fitsarin da ya dame ni da farko shi ma ya tsaya bayan 'yan watanni.

Abin da bai dawo ba shi ne ƙarfin mazakuta. Tun ranar da aka cire mini robar fitsari har yau ban sake samun miƙewa ba, alhali sha'awar tana nan yadda take. Likita ya rubuta mini ƙwayoyi na sha, ban samu komai ba sai ciwon kai da toshewar hanci. Ba zan ɓoye ba, na kuma sayi irin wanda masu lasifika suke tallatawa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, shi ma asarar kuɗi kawai na yi. Matana kuwa na ce musu likita ne ya hana ni kusantar iyali, ana ta rabon kwana kamar yadda aka saba, amma kowa ya san ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, musamman ga amarya wadda ba ta kai shekara 35 ba.

A ganin likita na ƙarshe da na je, ya ce akwai aikin da ake yi a dasa wa mutum wata na'ura a cikin mazakuta, sai dai yana da tsada ƙwarai. Ina cikin wani tsarin inshorar lafiya da ake cire mini kuɗinsa daga albashi kowane wata, ba zan ambaci sunansa ba, kuma ba zan yi musu butulci ba, sun ɗauke mini wani ɓangare na gwaje-gwaje da gado da magani lokacin tiyatar. Da na je teburinsu na asibiti na yi tambaya da murya ƙasa-ƙasa, yaron da ke wurin, sa'an ɗana na biyu, ya ɗaga murya ya ce, “Baba, ai inshora ba ta biyan maganin maza.” Mutane suna layi a bayana. Na ɗauki katina na fita ban ƙara cewa uffan ba.

Tambayata ita ce: maganar yaron nan ita ce ta ƙarshe, ko akwai wata ƙofa da ake bi? Idan akwai, wa ake rubuta wa, kuma da waɗanne takardu? Ina da gonar riɗi da na gada da shanun huɗa guda biyu, kuma zuciyata ta fara raya mini in sayar da gonar. Ya kamata in ƙara da cewa ina da ciwon suga shekara shida, ina shan magani.

Nas Ɗan Gaya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Ni ma'aikacin jinya ne, na yi shekaru a ɗakin masu ciwon mafitsara, kuma irin wannan tambaya na sha jin ta, galibi ranar sallama, lokacin da dattijo zai ja mutum gefe ya yi masa raɗa. Zan bar zancen inshora ga waɗanda suka fi ni saninsa, amma akwai abubuwan da ya kamata ka riƙe, domin su ne hujjarka idan ka koma wurinsu.

Abin da muke kira kansar mafitsara, a haƙiƙa wata 'yar ƙwaya take kamawa da ke ƙarƙashin mafitsara, girmanta kamar ɗan goro, wadda ta zagaye hanyar fitsari, likitoci suna ce mata furostet. Jijiyoyin da ke kai saƙon miƙewa suna bi ta gefenta biyu, a manne da ita kamar yadda yaɗo yake manne wa dangar kara. A 1982 wani likita a Amurka, Patrick Walsh, ya fara cire ƙwayar ta hanyar da ake tsallake waɗannan jijiyoyi, amma ba kullum hakan yake yiwuwa ba, domin idan cutar ta matso kusa da su dole a haɗa da su, kuma ko an tsallake su suna jin jiki, sukan ɗauki wata 18 zuwa shekara 2 kafin a ga iyakar farfaɗowarsu. Kai da ke wata na 20, ka kusa ƙarshen lokacin jira. Saboda haka abin da ke damunka rauni ne da tiyatar kansa ta bari, kamar yadda ta bar maka yoyon fitsari a farko, ba sanyi ba ne, ba sammu ba ne, kuma bai haɗa hanya da abin da ake nufi da maganin maza a kasuwa ba.

Sai dai a bayaninka na ga ka tsallake matakai biyu. Ƙwayoyin da aka ba ka, sildenafil ko tadalafil, suna ƙarfafa saƙon da jijiya ta kawo ne, idan jijiyar ba ta kawo komai ba babu abin da za su ƙarfafa, shi ya sa suka bar ka da ciwon kai kawai. Bayan su akwai famfon iska, wani bututu da ake zuƙe iskar cikinsa ya jawo jini, a sa zoben roba a gindi ya riƙe shi, da sharaɗin kada zoben ya wuce minti 30. Akwai kuma allurar da mutum yake yi wa kansa a gefen mazakuta da siririn tsinke, irin su alprostadil, wadda take buɗe hanyoyin jini kai tsaye ba tare da ta jira jijiya ba, don haka takan yi wa waɗanda aka yi wa irin tiyatarka aiki. A asibiti ake fara gwada ta a daidaita ma'auni, kuma idan miƙewar ta kai awa 4 ba ta sauka ba, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne. Ka tambayi likitanka wannan kafin a kai ga wuƙa. Na kasuwa kuma ka rabu da shi, domin an sha samun sinadarin sildenafil a ɓoye cikin irin waɗannan haɗe-haɗe, kuma idan ya gamu da maganin ciwon zuciya na dangin naitiret yana iya kayar da hawan jini har mutum ya suma.

Dalilin da ya sa ake ajiye dashe a ƙarshe shi ne ba a komawa baya. Ana shigar da na'urar ne cikin tsokoki biyu masu kama da soso da jini yake cikawa, kuma da zarar an buɗe mata wuri a cikinsu, ƙwaya ko allura ba za su sake aiki yadda ya kamata ba, ko da an cire ta daga baya. Iri biyu ne manya. Akwai sanduna biyu masu lanƙwasuwa, kullum da tauri suke, mutum ya miƙar da su lokacin buƙata ya kwantar da su bayan haka. Akwai kuma mai famfo, wadda wani likita mai suna Brantley Scott ya fito da ita a 1973, mai sassa uku: bututu biyu a cikin mazakuta, ɗan famfo a jakar maraina, da 'yar salkar ruwan gishiri a ƙasan mara. Wannan ta fi kama da halitta, ta fi tsada nesa ba kusa ba, tana iya lalacewa bayan shekaru a sake aiki, kuma ga wanda aka yi wa tiyatar furostet tabon da ke mara yakan sa likita ya nemi wani wurin ajiye salkar.

Kada kuma a yi maka alkawarin abin da na'ura ba ta yi. Ba ta ƙara sha'awa, ba ta ƙara tsawo, ba ta dawo da maniyyi ko haihuwa, tunda wurin da ke samar da ruwan an riga an cire shi, amma jin daɗi da kai wa ga biyan buƙata suna nan ga mafi yawan mutane. Babban abin tsoro shi ne ƙwayar cuta ta kama na'urar, abin da yake faruwa ga kimanin kashi 1 zuwa 3 cikin 100 a dashen farko, kuma idan ya faru sau da yawa sai an cire ta. Mai suga wanda bai daidaita ba ya fi shiga wannan haɗari, don haka ka nemi a yi maka gwajin HbA1c, wanda yake nuna yadda sugar ta kasance cikin wata uku da suka wuce, ba na yatsa da ake yi da safe ba.

Tsohon Ma'aikacin HMO ya amsa:

Malam, sannu da jiki, kuma ina ba ka haƙuri a madadin duk wanda ya taɓa zama a irin wannan tebur, domin ni ma na zauna a kansa shekaru. Abin da yaron ya faɗa maka ra'ayinsa ne. A aikin inshora, ba a cewa an hana mutum abu sai an nema a rubuce an amsa a rubuce, da sa hannu da dalili. Kai har yanzu ba ka nema ba, ballantana a hana ka.

Tunda ba ka faɗi tsarin da kake ciki ba, bari in zayyana su. Idan albashinka na tarayya ne, kana ƙarƙashin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohon tsarin NHIS bayan dokar da aka sa wa hannu a watan Mayun 2022, kuma tsakaninka da ita akwai kamfanin HMO, wato kamfanin da ke kula da katinka da ba asibiti izinin yi maka aiki. Idan na jiha ne ko ƙaramar hukuma, a Jigawa JICHMA ce, a Kano kuma KSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya da aka kafa da dokar 2016. Duk ginin kusan ɗaya ne: asibitin da ka zaɓa ana ba shi wani kuɗi a kanka kowane wata ko ka je ko ba ka je ba, don ƙananan larurori, amma babban aiki irin na ƙwararru sai an tura ka da takarda, an nemi lambar izini, sannan a biya asibitin gwargwadon abin da ya yi. Wannan lambar ita ce komai. Duk wanda ya riga ya biya daga aljihunsa aka yi masa aiki, sannan ya kawo rasit yana neman a mayar masa, a sanina da wuya ya ga ko sisi.

Kowane tsari yana da kundin da ya jera abin da yake biya duka, da wanda ake raba kuɗinsa da majinyaci, da wanda aka cire ɗungurungum. Haƙƙinka ne ka ga wannan kundi, ka nemi a nuna maka layin da aka dogara da shi. Zan faɗa maka gaskiya don kada ka ɗora buri: ita na'urar kanta da wuya tsarin gwamnati ya biya ta. A tsohon kundin NHIS, sassan jiki na roba da aka yarda da su an taƙaita su ne ga hannu da ƙafa da aka ƙera a Nijeriya, tiyatar kwalliya kuwa an cire ta gaba ɗaya. Na'urar da kake magana daga waje ake kawo ta, kamfanoni irin su Boston Scientific da Coloplast suke ƙera ta, mai famfon dubban daloli ce, kuma tun da aka saki farashin naira a 2023 kowa ya san abin da dala ta zama. Asusun da aka tara da 'yan kuɗaɗen ma'aikata don zazzaɓi da haihuwa da hawan jini ba ya son jin irin wannan lissafi.

Amma kuɗin aiki ba dunƙule ɗaya ba ne, kuma a nan ne mutane suke yin asara. Ka sa asibitin ya rubuta maka ƙiyasi dalla-dalla: ganin likita, gwaje-gwajen jini da na zuciya, kuɗin ɗakin tiyata, na mai sa barci, gado, magunguna, wankin ciwo, sannan na'ura a layinta daban. Da yawa daga cikin waɗannan abubuwa ne da tsarin yake biya a wasu ayyukan, kuma ana iya roƙon a amince da su ko da an ƙi na'urar. Idan aka kai ƙiyasin a dunƙule da suna ɗaya, da alƙalami ɗaya za a soke shi.

Abu na biyu shi ne rahoton likita, kuma a ganina a nan shari'ar take. Idan takarda ta ce “raunin mazakuta” kawai, mai dubawa zai jefa ta cikin kwandon abubuwan jin daɗi. Idan kuwa ta fara da cewa an tabbatar da kansa a rana kaza da sakamakon tsoka, an yi tiyata rana kaza, wannan matsala ta biyo bayan tiyatar kai tsaye ga mutumin da lafiyarsa ƙalau kafin nan, an gwada ƙwaya kaza sau kaza ba ta yi ba, an gwada allura da famfo ga abin da ya faru, to ta zama ci gaban jinyar cutar da su da kansu suka riga suka amince da ita suka biya. Shi ya sa shawarar ɗan uwanmu nas take da muhimmanci ko ta fuskar takarda. Wasu ƙasashe a haka suke kallon abin: a Amurka tsarin Medicare na dattawa yana biyan dashen idan likita ya tabbatar larura ce, a Ingila ma hukumar lafiyarsu ta NHS tana yin sa a cibiyoyi na musamman ga wanda sauran magunguna suka gaza masa. Wannan ba ya ɗaure kowa a nan, amma layi ɗaya a kansa cikin wasiƙarka yana nuna cewa ba kai ka ƙirƙiro zancen ba.

Ka rubuta wasiƙar da sunan shugaban kamfanin ko na hukumar, ka haɗa rahoton da ƙiyasin da kwafin katinka, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Sa ta cikin ambulan ka rufe, ka nemi ganin likitan da ke duba buƙatu, domin kusan kowane irin wannan ofis yana da shi, kuma ba dole sai ka yi bayani a gaban layi ba. Idan HMO ce ta ƙi ko ta yi shiru, ana kai ƙorafi ofishin NHIA na jiha, idan kuma tsarin jiha ne, hukumar kanta ake komawa.

Abubuwa uku a gurguje. Kada wani ya ruɗe ka da sayen inshorar kamfani mai zaman kansa yanzu don wannan aiki, saboda galibinsu suna cire cutar da mutum ya shigo da ita ko su sa lokacin jira, suna da iyakar kuɗin tiyata a shekara, kuma ɓoye musu tarihin cuta yana rushe yarjejeniyar. Akwai asusun tallafin masu kansa na gwamnatin tarayya da ya fara aiki a 2021 don kansar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana cikin shida na farko, amma an gina shi ne don marasa ƙarfi su samu maganin cutar kanta, don haka kada ka lissafa shi cikin kuɗin dashe. Na ƙarshe, kana da shekara 57, ritayar yawancin ma'aikata kuwa shekara 60 ce ko 35 a aiki, don haka ka tambaya tun yanzu mene ne matsayin katinka ranar da albashi ya tsaya, kada a ja ka da jira har lokacin ya cika.

Maman Khalifa ta amsa:

Malam, ka yi haƙuri mace ta sa baki a zancen maza, amma abin da kake ciki a ɗakina ya kwana shekara uku. Maigidana shi ma an yi masa wannan tiyata, muna wani ƙauye a bayan Wudil, kuma mun bi duk hanyar da mai magana na sama ya faɗa. Ɗanmu ne ya yi ta zirga-zirga da takardu wata huɗu, kuɗin mota kaɗai ya ci abin da ya ci. A ƙarshe sun amince da gwaje-gwaje da gado da magani, suka ƙi na'urar, suka kuma ƙi kuɗin aikin da hujjar cewa aikin saka abin da ba sa biya ne. Don haka ina ganin ɗan uwan ya ɗan sauƙaƙa maganar raba ƙiyasi, domin ba duk layin da ka raba ake ɗauka ba. Duk da haka abin da suka ɗauke ya rage mana nauyi, kuma da mun tsaya a kan maganar baki da ko wannan ba mu samu ba.

Mai sanduna aka saka masa. Likita ya nuna mana duka biyun, maigida ya ce shi mutumin ƙauye ne, idan famfo ya tsaya masa bayan shekaru ba shi da wata garken da zai sake sayarwa. Mun sayar da bijimai biyu, na ɗauki adashena, 'ya'ya suka cika. An ce ya jira mako shida, ya jira. Yana zuwa masallaci da kasuwa da babbar rigarsa, babu wanda ya san komai. Ya ce tsawon ya ɗan ragu a kan da, kuma an faɗa masa haka tun kafin aiki. Gona dai kada ka taɓa ta. Sa idan aka sayar ana sayen maraƙi a yi kiwo, amma ban taɓa ganin wanda ya sayar da gonar gado ta dawo hannunsa ba, kuma abin da za a ci a gidan ma haƙƙin matan ne.

Abin da ya sa na rubuto ma ba kuɗin ba ne. Shekara guda da rabi maigidana yana ce mini likita ya hana, yana juya mini baya, ni kuma ina kwana ina lissafin laifin da na yi. Na zargi abokiyar zamana da shiga malamai, ashe ita ma ni take zargi, har muka daina cin abinci a kwano ɗaya, yara suka fara ɗauka. Ranar da ya zaunar da mu ya faɗi gaskiya, wallahi sauƙin da na ji ya fi na ranar da aka sallamo shi daga asibiti. Matanka sun san likita ba ya hana mutum wata 20. Abin da ba su sani ba shi ne dalili, kuma zuciya ba ta zama babu dalili, sai ta ƙirƙiro nata.

Almajirin Zaure ya amsa:

Ɗan uwa, Allah ya ba da lafiya. Ta fuskar addini, abin da ya tabbata shi ne sahabi Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Daga nan malamai suke rarrabe mayar da gaɓa ga aikinta, wanda magani ne, da canza halitta don ado. Naka na farkon ne, kuma buɗe al'aura ga likita saboda larura ya halatta gwargwadon buƙata. A mazhabarmu ta Malikiyya, shekara guda da ake ba wanda ya kasa kusantar matarsa ana maganar wanda bai taɓa iyawa ba ne tun ɗaura aure, wanda kuwa abin ya same shi daga baya jarrabawa ce da ta sauka a kansu duka, sai dai wannan bai kawar da cewa mace tana da buƙata ba, kuma neman magani don kare mutuncinta aikin lada ne. Ina goyon bayan 'yar uwa a kan faɗa musu gaskiya. Gargaɗina ɗaya game da rahoton likita: a tsara shi da kyau kamar yadda aka ce, amma kada a rubuta an gwada abin da ba a gwada ba, domin kuɗin asusun na jama'a ne.

Mai Gonar Riɗi ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri, ya rufa muku asiri kamar yadda kuka rufa mini. Na yi shiru mako uku ne don in samu abin da zan dawo da shi.

Na koma wurin likita da tambayoyin da Ɗan Gaya ya ba ni a rubuce. An yi gwajin suga na wata uku, ya fito sama da yadda ake so, likita ya ce ko da kuɗin yana hannuna yau ba zai taɓa ni ba sai ya sauka, aka canza mini magani aka hana ni fura da sukari da shayin da nake sha a bakin tasha. Ya kuma yarda a gwada allurar, an yi mini ta farko a ofishinsa, an ga alama amma ba ta kai ba, ya ce za a ƙara ma'auni a zuwa na gaba, kuma yana rubuta komai a fayil da kwanan wata. Wasiƙar neman ganin kundin da tambayar matsayina bayan ritaya na kai ta a rufe, an buga mini hatimi, ban bi ta teburin yaron ba. Buƙatar dashen kanta likita ya ce a jira sai an gama gwajin allurar, don rahoton ya fita cikakke.

Maman Khalifa, na faɗa wa uwargida daren Juma'a. Ta daɗe ba ta yi magana ba, sannan ta ce ita ta ɗauka kansar ce ta dawo nake ɓoye musu, har ta fara sayar da awakinta a asirce tana tara kuɗin asibiti. Amarya ban samu bakin faɗa mata ba tukuna, uwargida ta ce in bari sai ranar girkinta, kuma kada in sa ta a tsakani. Dillalin da na yi wa maganar gona na ce masa ya dakata, riɗin ma saura kwanaki a yanke. Ranar 14 ga watan gobe zan koma asibiti, kuma idan amsar wasiƙar ta zo kafin nan zan kawo muku abin da aka rubuta a cikinta.